Riƙon Sanda da Wuyan Hannu: Littafin Atisayena na Golf a Hunturun Bana

2 ga Nuwamba, 2024

Dalili ɗaya ne ya sa na buɗe wannan littafi: ƙwallona ta ƙi tafiya a miƙe. Duk lokacin da na ɗauki babbar sanda don bugun farko, sai ta tashi lafiya lau, ta ci rabin hanya, sannan ta karkace dama ta faɗa ciyawa ko gindin itatuwa. Silais ke nan, ciwon da ya fi addabar masu koyon golf. Daga yau har hunturu ya wuce ba zan taɓa komai ba sai riƙo da wuyan hannu. Tsayuwa, juyin ƙugu, sha'awar sabuwar sanda, duk su jira.

Mai koyarwar da na samu a filinmu na nan Kaduna bai ma bari na buga ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ara min safar hannunka in gani." Ya juya ta, ya nuna min inda ta huje, daidai tudun tafin hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Ya ce a tsakiyar tafi nake riƙe sanda, shi ya sa take zamewa tana cin safar idan na ɗaga ta sama. Ga mai bugu da dama irina, mazaunin mariƙi a hannun hagu yatsu ne: ya taso daga gindin ƙaramin yatsa, ya ratsa a karkace zuwa gaɓar tsakiya ta manuniya, tudun tafi kuma ya hau kansa ya danne. Ya ba ni gwaji. In miƙa sandar gabana, in saki sauran yatsu, in bar ta tsakanin manuniya da tudun tafi kawai. In riƙon daidai ne, za ta tsaya. Tawa ƙasa ta yi.

Kuɗi: darasi naira 10,000, sabuwar safar hannu naira 18,000.

9 ga Nuwamba

Yau kan yadda hannayen biyu ke haɗuwa muka tsaya. Hanya uku ce. Ko ƙaramin yatsan dama ya hau tsagin da ke tsakanin manuniya da yatsan tsakiya na hagu, ko ya sarƙe da manuniyar hagun, ko kuma yatsu goma duka su zauna a kan mariƙi, ba hawa ba sarƙa.

Na farkon shi ake kira riƙon Vardon, da sunan Harry Vardon ɗan tsibirin Jersey, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6 tsakanin 1896 da 1914, kuma har yau ba wanda ya kamo shi. Ba shi ya fara ba, wani ɗan Sikotlan mai suna Johnny Laidlay ya riga shi, nasara ce dai ta liƙa masa sunan. Mai sarƙa kuwa da shi Jack Nicklaus ya ci manyan gasanni 18, da shi Tiger Woods ya ci 15, shi ne kuma na Rory McIlroy. Na yatsu goma an fi ba yara da waɗanda hannunsu ba ƙarfi ko masu ciwon gaɓoɓi.

Bayan wasa akan zauna ana musun wanne ya fi, har da ɗaga murya. A ganina ɓata baki ne. Abin da zakarun duniya suka rabu gida biyu a kansa, kowane gida kuma ya kwashi kofuna, ba shi ke jefa ƙwallona daji ba. Na zaɓi sarƙa don yatsuna gajeru ne. Gargaɗi ɗaya Malam ya yi min, kada in cusa yatsun har gindi, domin hakan na tura mariƙi cikin tafin dama. Sarƙar sama-sama ta isa. Kafin in tashi ƙaramin yatsa ya yi bororo.

13 ga Nuwamba

Atisaye a tsakar gida bayan la'asar, ba ƙwallo. Riƙe, saki, sake riƙewa. Sarƙar har yanzu baƙuwa ce a hannuna.

16 ga Nuwamba

Yau muka zo kan gundarin maganar, wato ina hannu ya juya a kan mariƙi. In ka tsaya kan ƙwallo ka dubi hannunka na hagu, ƙidaya ƙullin gindin yatsun da kake gani. In ɗaya ne, hannun ya juya hagu, riƙo mai rauni ke nan. Biyu, tsaka-tsaki. Uku ko huɗu, hannun ya juya dama, riƙo mai ƙarfi. Akwai alama ta biyu, tsagin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya: a riƙo mai rauni haɓa yake nunawa, a mai ƙarfi kafaɗar dama ko ma bayanta. Ni ƙulli ɗaya nake gani, shi ma da ƙyar.

Ga abin da ke faruwa. Idan sanda ta sauko da gudu, nauyinta na jan hannaye su koma yadda suke rataye in mutum ya sake su a gefensa. Wanda ya fara da hannu a murɗe hagu, wannan komawar sai ta buɗe fuskar sanda, wato gefen kanta da ke dukan ƙwallo, ta kalli dama. Ƙwallo kuma ba ta san niyyarka ba, fuskar sanda take bi. Haɗuwarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka babu wani gyaran da hannu zai iya a wannan lokaci, komai ya riga ya ƙare tun kafin a iso. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan sun nuna cewa inda fuska ta kalla shi ke ba da wajen kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara nufa a babbar sanda, kimanin 75 a sandunan ƙarfe. Lanƙwasar da take yi a sama kuma daga saɓanin da ke tsakanin fuskar da hanyar da kan sandar ya biyo take zuwa. Fuska a buɗe ga hanya, ƙwallo ta yi dama. A rufe, ta yi hagu.

Malam ya juya min hannun hagu har na ga ƙulli uku, ya daidaita tafin dama ya fuskance shi. Ji na yi kamar zan buga ƙwallon a ƙafata ta hagu. Amma da ƙarfe mai lamba 7 sai ga ta tana tafiya a miƙe, wasu ma har da ɗan lanƙwaso hagu a ƙarshe, abin da ban taɓa gani daga hannuna ba. Ba ta tashi sama kamar da, ta kuma fi nisa.

23 ga Nuwamba

Ranar wahala.

A tsakiyar mako wani abokin wasa ya nuna min bidiyon Dustin Johnson a wayarsa, an tsayar da hoton daidai lokacin da sanda ta kai ƙololuwa. Wuyan hannunsa na hagu a lanƙwashe yake ciki, tafi ya sunkuyo wajen cikin hannu, fuskar sanda na kallon sama. Ya ce min, "Alhaji, wannan shi ne maganin silais na zamani, ƙara shi a kan riƙonka ka ga aiki." Mutumin da ya ci manyan gasannin US Open a 2016 da Masters a 2020 ai ba a raina hannunsa. Na gwada a gida, na ji daɗinsa, na fito da shi fili yau a zagayen ramuka 18.

Bugun farko ƙwallon ko tsayin mutum biyu ba ta tashi ba, ta nutsa hagu da gudu ta ɓace. Rami na biyu haka. Da na koma gajerun sanduna sai suka riƙa wuce kewayen rami ta hagu, domin fuskar da ta rufe tana rage kwanciyar sanda, lamba 9 ta koma aikin lamba 7 da ta fi ta kai ƙwallo nesa. Wannan lanƙwasa hagu, wato huk, ta fi silais mugunta. Silais na tashi sama ta sauko ta tsaya kusa da inda ta faɗi, ka je ka same ta. Huk ƙasa-ƙasa take zuwa, ga shi ƙasa ta fara bushewa ta yi tauri, in ta dira sai ta yi ta gangarawa har cikin sarƙaƙiya. Yaron da ke ɗaukar min jaka ya gaji da shiga ciyawa, ya ce, "Yallaɓai, da can dama muke nema, yau kuma hagu muka koma." An gudu ba a tsira ba.

Daga rami na goma tsoro ya shiga. Na riƙa ƙanƙame mariƙi ina hana hannu juyawa, sai ƙwallo ta miƙe dama ɗoɗar ba lanƙwasa. Wato yanzu ɓangare biyu nake ɓata, ban kuma san wanda zai fito ba in na ɗaga sanda. Na saba tashi da bugu 104 ko kusa da haka, yau 113. Ƙwallayen da suka salwanta ban ma so in lissafa kuɗinsu.

27 ga Nuwamba

Ban taɓa sanda ba. Na kira Malam, ya ce in sa a ɗauke ni bidiyo daga baya in zo da shi.

30 ga Nuwamba

'Yata ce ta ɗauka a tsakar gida, tana cewa, "Baba, tsaya a nan kada ka motsa," ni kuma na sandare da sanda a sama. Malam ya haɗa shi da wani tsohon bidiyona na damina. Bambancin a fili yake. A tsohon, wuyan hannun hagu ya karye baya, bayan hannu ya tashi wajen agogo, hancin sanda na nuna ƙasa: fuska a buɗe. A sabon ya lanƙwashe ciki, fuska na kallon sama: a rufe ruf. Abin da ake nema a wurina shi ne tsakiya, bayan hannu da sangalin hannu su miƙe layi ɗaya, fuskar sanda ta kwanta daidai da kwanciyar hannun.

Nan na gane riƙo da wuyan hannu lissafi ɗaya ne. Riƙo mai ƙarfi na rufe fuska, lanƙwasa ciki ma na rufe ta. Riƙo mai rauni na buɗewa, karyewa baya ma haka. A damina na tara masu buɗewa biyu, makon jiya na tara masu rufewa biyu. Ƙwararrun da ake nuna mana kuwa akasari ɗaya suke haɗawa da abin da zai rage masa kaifi. Jon Rahm na lanƙwasa wuyan hannu ciki, amma riƙonsa na hagu ya fi karkata ga rauni, ga ɗaga sandarsa gajere ne saboda da nakasa aka haife shi a ƙafar dama, idon sawun ba ya juyawa sosai. Dustin Johnson da saurin juya jiki yake hana rufaffiyar fuskar ƙarasa rufewa, har ma ƙwallonsa dama-dama take sauka. Ni da na haura hamsin ina zan samo wannan ƙugu?

Labarin Ben Hogan ya fi burge ni. Huk ce ta kusa korar shi daga wasan a farkon rayuwarsa. Maganin da ya samo shi ne ya raunana riƙonsa, ya kuma karya wuyan hannun hagu baya a ƙololuwa, duka don fuska ta ƙi rufewa komai ƙarfin da ya sa. Da wannan ya ci manyan gasanni 9, uku daga ciki a 1953 kaɗai, ya kuma bayyana sirrin a mujallar Life a 1955. Mai fama da silais da ya kwaikwaye shi ciwonsa zai ƙara, don maganin wata cuta ce daban. Masu yaɗa gajerun bidiyo ba sa faɗin wannan, hoto ɗaya suke tsayarwa su ce yi haka.

Mun dawo da riƙon zuwa ƙulli biyu da ɗan leƙen na uku, wuyan hannu a miƙe. Game da hannun dama Malam ya ce a ƙololuwa ya kwanta ƙarƙashin sanda kamar na mai talla da ya ɗora faranti a tafinsa.

7 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, filin atisaye ya koma fako. Tun ranar Laraba nake jin zafi a wuyan hannun hagu, ta gefen ƙaramin yatsa. Yau na sari ƙasa kafin ƙwallo da lamba 6, girgizar ta ratsa har gwiwar hannu, dole na ajiye.

Dalilin saran bai ɓuya ba. Ina warware wuyan hannu da wuri a saukowa, ina son in kwaso ƙwallon daga ƙasa in taimaka mata ta tashi. Kan sanda sai ya riga hannaye isowa, ya dira a bayan ƙwallo. Da damina ƙasa mai laushi kan rufa wa mutum asiri, yanzu ba ta yafewa.

Na ga likita da yamma. Ya danna gindin tafin hannuna yana tambaya ko nan ne. Ya ce akwai wani ɗan ƙashi mai ƙugiya a wurin da ƙarshen mariƙi ke dannawa, yakan tsage wa 'yan golf idan sanda ta daki ƙasa mai tauri, kuma ba kullum hoton ƙashi na yau da kullum ke nuna shi ba. Nawa dai alhamdu lillahi jijiya ce ta kumbura. Hutun mako biyu, ƙanƙara, da abin ɗaure hannu. Ganin likita, hoto da magani: naira 22,000. Malam ya ƙara da cewa in riƙa barin ƙarshen mariƙi ya leƙo bayan hannu kamar kaurin yatsa, kada ya nutse cikin tafi.

14 ga Disamba

Bugun jefawa rami kawai, shi ba ya wahalar da hannu. A nan dokar juyewa take: mariƙi a tafi, ba a yatsu ba, manuniyar hagu ta kwanta kan yatsun dama, wuyan hannu a kulle, kafaɗu ke aiki. Faɗin ramin milimita 108 ne kawai, ɗan motsin wuyan hannu ya isa ya kauce masa. Tun 2016 aka hana jingina sanda da ƙirji ko ciki, saboda haka dole hannun ya koyi natsuwa da kansa.

21 ga Disamba

Tunda ba na bugu, na kai sanduna biyar da na fi amfani da su a canza musu robar mariƙi. Tsofaffin sun yi santsi har suna ƙyalli, ƙura da gumi sun cinye su. Santsin roba na sa mutum ƙanƙamewa ba da saninsa ba, hannun da ya ƙanƙame kuma wuyansa ba ya sakewa. Kauri ma na da tasiri: mai kauri na rage juyin hannu, siririya na ƙara shi. Ma'aunin da aka saba shi ne yatsun tsakiya na hagu su ɗan taɓa tudun babban yatsa in an riƙe. Na tsaya a matsakaiciya. Kowace naira 9,000, aiki naira 5,000.

Robar da na zaɓa mai ɗan tudu ce siriri a ƙasanta daga sama har ƙasa, wanda yatsu ke ji su san sun zauna daidai. Doka ta yarda da shi, ko da yake ta ce mariƙin kowace sanda ban da ta jefawa rami dole ya zama kewayayye. Amfaninsa na ga a sa shi daidai. Mai gyaran ya sa na lamba 7 a karkace, in na bi tudun sai fuskar sanda ta kalli dama tun ban ɗaga ba. Na mayar masa. Da farko ya ce idona ne, sai da muka jingina sandar da bakin tebur ya gani. Gam ya riga ya kama, dole aka yanke robar da wuƙa. Muka raba asarar, na ƙara naira 4,500.

28 ga Disamba

Rabin bugu da lamba 9, ƙwallo a kan ɗan turke don kada in taɓa ƙasa. Ba zafi. Man kaɗanya da dare saboda faso, amma ba da safe ba, yana sa mariƙi santsi.

4 ga Janairu, 2025

Darasin yau kan lokacin haɗuwar sanda da ƙwallo ne. Malam ya zura min ɗan gajeren rula ƙarƙashin madaurin agogo, ya kwanta a bayan hannu. In wuyan hannu ya karye baya, rular ta soke ni. Haka na yi ta rabin bugu, daga ƙugu zuwa ƙugu. Abin da ake so a haɗuwa: hannaye gaba da ƙwallo kaɗan, wuyan hagu a miƙe ko da ɗan lanƙwasa ciki, wuyan dama har yanzu a karye baya bai warware ba. Sanda ta fara samun ƙwallo, sannan ta ɗebi ƙasa a gabanta. Ɗaga ƙwallo aikin kwanciyar fuskar sanda ne, lamba 7 na da wajen digiri 30 zuwa 34, ba ta bukatar taimakona.

Ƙarar ma ta canza, ta zama tas, ba irin ta da ba. Sai dai na lura in jiki ya tsaya hannaye suka wuce su kaɗai, rular na sukata nan take. Ke nan maganar ƙugu da na ce ta jira tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Safar hannu ta bushe ta tsage a ɗinki, hunturu ne ya ci ta ba riƙo ba, tudun tafi lafiya lau. Wata naira 18,000.

11 ga Janairu

Cikakken zagaye, bugu 98. Karo na farko ƙasa da 100. Ƙwallo ɗaya ce ta ɓata, a ramin da itatuwa suka yi layi ta dama. Da na tsaya a wurin ido ya ga itatuwa, hannu ya koma gidansa na da ba tare da shawarata ba. Yaron jaka ne ya gani, ya ce, "Yallaɓai, hannun nan ya koma." Yanzu kafin kowane bugu sai na ɗaga sandar gabana a iska, in daidaita fuskarta, in ɗora hagu in ƙidaya ƙulli, in ɗora dama, sannan in sunkuya. Riƙewa bayan an ajiye kan sanda a ƙasa shi ke ba tsohon hali ƙofa.

18 ga Janairu

Ramin yashi ya rushe min ƙa'idar da na ɗauka ta zauna. Da miƙaƙƙen wuyan hannu da hannaye a gaba, bakin sanda nutsewa yake cikin yashi, ƙwallo ta tsaya inda take ko ta fita a guje ta tsallake kewayen rami. A nan abin da na yi wata biyu ina yaƙa shi ake so: a fara buɗe fuskar sanda tukuna sannan a riƙe, riƙon ya ɗan raunana, wuyan hagu ya karye baya ya zauna a haka har bayan bugu, domin gindin sandar mai faɗi ya zame ƙarƙashin yashi ya watso ƙwallon sama. In aka riƙe sannan aka murɗa hannu don buɗewa, da an sauko fuskar za ta koma ta rufe. Malam ya ce kada in haɗa atisayen yashi da na dogon bugu rana ɗaya tukuna, hannun bai gama haddace na farkon ba.

Jimillar kuɗi daga Nuwamba zuwa yau, ban da ƙwallayen atisaye da sallamar yaron jaka: darussa 60,000, safar hannu 36,000, likita 22,000, roba da aiki 54,500. Naira 172,500 ke nan.

Mataki na gaba juyin ƙugu da mayar da nauyi kan ƙafar hagu, daga Fabrairu. Sauran sanduna za a canza musu roba kafin damina, a wurin wani mai gyaran daban, kuma ina tsaye za a sa. Babbar sanda har yanzu takan ɗan yi dama in na sa ƙarfi, don haka rular na nan a jaka. Abokan wasa na shirin zuwa filin Rayfield na Jos bayan Sallah. Garin ya haura mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da nauyi, ƙwallo ta fi nisa, sai na sake auna tazarar kowace sanda a can kafin mu fara.